Laifi, Zunubi da Abin Kunya: Sharhi a Kan Hukuncin 'Yan Kallo Game da Fim Ɗin Malam Karkata

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na shekarar 1999 aka nuna wani fim ɗin Hausa mai suna Malam Karkata a gidan siliman Wapa da ke Fagge a birnin Kano. Fim ne na ƙaramin jari, kamar sauran finafinan bidiyo na wancan lokaci. Labarinsa ya ginu ne a kan wani malamin tsibbu mai yaudarar matan da ke zuwa wurinsa neman taimako, yana sa musu sharaɗin ba da kansu kafin ya yi musu aiki. Wannan nuni na farko shi ne ya zama na ƙarshe, domin dillalan kaset na Kano sun ƙi karɓar fim ɗin, bisa dalilin cewa ya taɓa mutuncin malamai, ta haka kuma ya taɓa addini. A shekarar ce kuma wani fim daga Kaduna mai suna Saliha? na El-Saeed Yakubu Lere ya tayar da ƙurar da ta fi wannan, har wata ƙungiyar addini ta yi fatawar kisa a kan masu shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano, yana cikin masanan da suka adana labarin waɗannan finafinai biyu a rubuce-rubucensu.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna hukuncin da aka yanke wa Malam Karkata da sunan 'yan kallo. Za a yi haka ne ta hanyar tambayoyi uku: su wane ne suka yi magana a madadin 'yan kallo, da wane ma'auni suka yi awo, kuma su wane ne ba a ji muryarsu ba? Domin amsa tambaya ta uku za a tsallaka iyaka zuwa Mayo-Oulo da Garwa a arewacin Kamaru, inda ake kallon finafinan Kano a ƙarƙashin wata doka dabam da wasu harsuna dabam.

2.0 Ƙaramin Jari da Tasirinsa

Sana'ar fim ɗin bidiyo ta Hausa ta fara ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Kafin ƙarshen wannan ƙarni sana'ar ta bunƙasa har ta samu mujallunta, wato Tauraruwa ta Kano da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999. Duk da wannan bunƙasa, jarin kowane fim bai taka kara ya karya ba. Kyamara ɗaya ce, gidan ɗaukar hoto na aro ne daga ɗan'uwa ko aboki, motar da jarumi zai shiga ita ma ta aro ce.

Wannan ƙarancin jari ya yi tasiri ta fuska biyu. Ta farko ita ce ta fuskar labari. Finafinan laifi na Amurka da Indiya da Hong Kong, waɗanda 'yan kallon Kano suka saba gani, suna cike da tseren motoci da harbe-harbe da fasa banki. Mai shirya fim ɗin Hausa ba shi da kuɗin kona mota ko hayar bindigogi. Saboda haka laifin da yake iya ɗauka shi ne wanda ke aukuwa tsakanin mutum biyu a ɗaki ɗaya: yaudara, cin amana, asiri, zamba cikin aminci. Ke nan talaucin sana'ar shi ya tura kyamara zuwa zaure da falo da ɗakin kwana, wato wuraren da Bahaushe ya fi kishi a kansu.

Fuska ta biyu ita ce ta ciniki. Kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa Signal and Noise (2008), tsarin kasuwar Kano a wancan lokaci shi ne mai fim ya kawo uwar kaset ya kuma buga kwalaye, dillalai su sayi kwalayen su gurza kwafi da injinansu su rarraba. Kasuwar Ƙofar Wambai ita ce cibiyar wannan ciniki a lokacin, daga nan kaya kan tafi Sakkwato da Maraɗi da Yola da sauran wurare. Mai fim ba shi da wata hanya tasa ta kansa. Idan dillalai suka haɗa baki suka ce ba su so, fim ya mutu ke nan, ko da kuwa babu wata hukuma da ta hana shi. A 1999 ba a kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ba tukuna, don haka dillalai ne suka riƙe ƙofa.

3.0 Jigon Fim Ɗin da Tushensa

Sukar gurɓataccen malami ba baƙon abu ba ne a tunanin Hausawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce a kan miyagun malamai masu sayar da addini domin abin duniya, ya kuma zargi mazajen da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam (1934) akwai damfara da rigar malanta, kuma an daɗe ana karantar da littafin a makarantu ba tare da an ce ya zagi addini ba. Tun daga kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi a kan tsibbu da duba da laya ya zama ruwan dare a masallatai da kaset-kaset. Ta fuskar ɓarnar da sha'awa ke yi wa gida kuwa, wasan Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya riga ya nuna magidancin da ya rushe gidansa saboda karuwa, haka ma littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990), wanda aka mayar fim a 1998.

Idan haka ne, mene ne sabo a Malam Karkata? Abu biyu ne. Na farko, fim ɗin ya haɗa abubuwa uku da aka saba rarrabewa, wato malanta da mace mai neman taimako da jima'i. Mace tana zuwa wurin malamin tsibbu ne galibi a kan matsalar gida: rashin haihuwa, kishiya, mijin da ya juya baya, 'yar da ta rasa manemi. Ke nan laifin malamin ya ratsa har cikin gidan aure, kuma duk magidancin da ya kalli fim ɗin yana iya tambayar kansa ina matarsa take zuwa idan ta ce za ta unguwa. Na biyu, abin da a da ake ji a wa'azi ko ake karantawa a littafi, yanzu ido ne ke ganinsa. Mai wa'azi yana cewa "wasu malamai", mai sauraro ya ƙirƙiro fuskar da ya ga dama. Fim kuwa yana kawo mutum da rawani da tasbaha da buzu da allo, kayan da malamin kirki da na banza suka yi tarayya a kansu. Ji ya bar wa zuciya zaɓi, gani kuwa bai bari ba.

4.0 Ra'ayoyin da Aka Ji

Ana iya kasa muhawarar da ta biyo bayan finafinan 1999 gida uku.

4.1 Masu Ganin An Ci Mutuncin Addini

Wannan shi ne ra'ayin da ya yi rinjaye. Hujjarsu ita ce malami magajin annabawa ne, kuma duk wanda ya zubar da girman rawani a idon yara ya buɗe ƙofar raina ilimi baki ɗaya. Bai kamata a yi watsi da wannan hujja ba tare da duba lokacin ba. A 1999 Nijeriya ta koma mulkin farar hula, a watan Oktoba na shekarar Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, a Fabrairun 2000 kuma rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun. A irin wannan yanayi, Musulmi da yawa suna jin cewa idon maƙiya yana kansu, kuma duk hoton da ya nuna malami ko mai hijabi cikin alfasha makami ne aka miƙa wa abokin gaba. Raunin hujjar shi ne ta ɗauki kare malami ɗaya na ƙarya a matsayin kare malanta, alhali malaman gaskiya su ne suka fi cutuwa da irinsa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ba a gyara gari ta hanyar musun cewa waken yana ciki.

4.2 Masu Neman Rufin Asiri

Wasu ba su musa cewa irin Malam Karkata yana nan ba. Abin da suka ƙi shi ne a baje shi a faifai. A wurinsu rufin asiri ginshiƙi ne na zaman tare, kuma Musulunci ya kwaɗaitar da suturta aibin mutum. Suna kuma tsoron cewa nuna hanyar ɓarna koyar da ita ne, musamman ga yara masu kallo tare da iyayensu. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, domin ta yarda da gaskiya. Sai dai tana da gurbi ɗaya. Suturtawa ta dace da wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ya ɓoye. Wanda ya mayar da ɓarna sana'a, yana cutar mace bayan mace, rufa masa asiri tona asirin wadda za ta zo gobe ne. Bugu da ƙari, Malam Karkata ba mutum ne mai rai ba balle a ce an tona asirinsa. Hali aka nuna, ba a ambaci sunan kowa ba.

4.3 Masu Kare Faɗakarwa

Masu shirya finafinan da magoya bayansu sun tsaya ne a kan kalmar faɗakarwa, wadda ita ce garkuwar 'yan fim tun daga wancan lokaci. Suna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba a yi wa mutum kashedi da ramin da ba a nuna masa ba. Mai fim ɗin Saliha? ya bayyana cewa nufinsa shi ne jawo hankali ga istibra'i, wato jiran da ake bukatar macen da ta yi zaman banza ta yi kafin ta ɗaura aure. Hujja ce mai kyau, amma ita ma tana bukatar awo. Kowa ya san cewa abin da ya shafi jima'i yana jawo masu saye, kuma mai ƙaramin jari yana neman abin da zai dawo masa da kuɗinsa da sauri. Faɗakarwa tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama lulluɓi. Hanyar bambancewa ita ce a duba inda kyamara ta daɗe: a kan jarabar ne ko a kan sakamakonta, a kan jikin matar ne ko a kan halin da ya kai ta wurin. Wannan awo kuwa ba ya yiwuwa sai an kalli fim. A nan ne hukuncin da aka yi wa Malam Karkata ya gaza, domin an rufe shi kafin jama'a su samu damar yin awon.

5.0 Darasin da Ke Cikin Suna

Kwatanta sunayen finafinan biyu yana da amfani ga ɗalibin harshe. A adabin Hausa suna kan ɗauki hali, tun daga tatsuniya har wasan kwaikwayo. Karkata kalma ce mai nuna kauce wa miƙaƙƙiyar hanya. Da mai fim ya kira jaruminsa Malam Karkata, ya riga ya ware shi daga malamai masu tsayuwa daidai tun kafin a kunna kaset. Sunan da kansa shaida ne cewa akwai miƙaƙƙe, domin ba a gane karkace sai da shi.

Saliha? kuwa ya bi akasin wannan hanya. Ya ɗauki suna mai kyau, mai ma'anar mace ta gari, ya ɗora masa alamar tambaya. Jarumar yarinya ce mai ibada wadda ba ta rabuwa da hijabi, sai bayan aure ya bayyana cewa ta san namiji kafin mijinta. Alamar tambayar ba ta tsaya a kan yarinya ɗaya ba, tana iya faɗawa a kan duk wata mai hijabi da ke wucewa a titi. Saboda haka koken da aka yi a kan Saliha? yana da madogara a cikin fim ɗin kansa, ko da yake babu madogarar da ta kai ga halatta jinin mutum a kan wasan kwaikwayo. Abin lura shi ne fim ɗin da ya fi yin taka-tsantsan wajen suna shi ne bai shiga kasuwa ba, wanda ya fi tsokana kuwa ya shiga hannun jama'a. Wannan yana nuna cewa hukuncin bai dogara ga abin da ke cikin fim kaɗai ba. Ya dogara ga wanda aka taɓa da kuma ƙarfin da yake da shi. Malamai suna da murya da mabiya da mumbari. 'Yan mata masu hijabi kuwa wasu ne suka yi fushi a madadinsu.

6.0 Kalmomi Uku

Ana iya fahimtar muhawarar ta hanyar kalmomi uku da Hausa ta bambanta. Laifi shi ne abin da ake kama mutum da shi a hukunta shi, shi ya sa ake cewa "an same shi da laifi". Zunubi yana tsakanin bawa da Ubangijinsa, ana ɗaukarsa, ana kuma neman gafararsa. Abin kunya kuwa yana rataye ne a idon jama'a: mutum yana jin kunya, yana shan kunya, yana ba danginsa kunya. Laifi da zunubi suna tabbata ko an gani ko ba a gani ba. Kunya ba ta sauka sai an gani.

Aikin Malam Karkata ya haɗa ukun. Damfara ce, zina ce, kuma abin kunya ne. Sai dai fim sana'ar nunawa ce, don haka daga cikin ukun kunya ce kaɗai mai fim yake da hannu wajen haifarwa. Kafin ya kunna kyamara laifin yana nan, zunubin yana nan, amma kunyar ba ta fito fili ba. Wannan ne ya sa fushin 'yan kallo ya tsallake mai aikata laifi a cikin labari ya sauka a kan mai ba da labarin. A fim ɗin laifi na Amurka ɗan kallo yana jiran ɗan sanda ya kama mugu. A nan kuwa ɗan kallo ne ya zama ɗan sanda, wanda ya kama kuma shi ne mai fim. Karin maganar nan ta laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ta dace da ɓangarorin biyu.

7.0 Waɗanda Ba a Tambaya Ba

7.1 Matan Gida

Waɗanda suka cika gidajen silima irin Wapa a wancan zamani yawancinsu samari ne, domin Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar silima wurin da mace mai mutunci ba ta zuwa. Kaset ɗin bidiyo ne ya shigar da fim cikin gida, ya mayar da matan aure manyan 'yan kallo. Malam Karkata ya tsaya a silima, bai kai ga kaset ba. Ke nan matan da labarin ya shafa, waɗanda su ne ke zama a gaban malamin tsibbu, su ne ba su gan shi ba. Dillalai maza ne, masu fatawa maza ne, masu fim ɗin ma maza ne. An yi shari'a a kan abin da ya dace mace ta gani ba tare da an kira ta shaida ba, alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

7.2 Mai Kallo a Mayo-Oulo da Garwa

Mayo-Oulo gari ne a sashen Mayo-Louti, wanda hedikwatarsa take Guider, a Yankin Arewa na Kamaru mai babban birni Garwa a bakin kogin Binuwai. Yankin yana maƙwabtaka da Jihar Adamawa ta Nijeriya. Kalmar mayo a sunan garin daga Fulatanci take, ma'anarta kogi. Tarihi ya haɗa ɓangarorin biyu tun kafin Turawa, domin Garwa tana cikin masarautar da Modibbo Adama ya kafa, wadda Yola ta zama fadarta a 1841. Mubi ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbata a cikin Nijeriya. Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, Faransanci ne na makaranta da ofis, Hausa kuma tana da masu ita a unguwannin fatake da mahauta da malamai, tana da masu jin ta da yawa ta hanyar ciniki da rediyo da fim. A cikin mazauna Mayo-Oulo akwai Fali da Fulani da wasu ƙabilu, akwai Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya.

Mai kallo a irin wannan wuri yana riƙe da ma'auni dabam ta fuska uku. Ta fuskar doka, Kamaru ƙasa ce da tsarin mulkinta bai jingina ga addini ba, amma dokar laifuffukanta ta tanadi hukunci ga irin aikin Malam Karkata kai tsaye. Sashe na 251 ya sa ɗaurin shekara 2 zuwa 10 ga mai sihiri ko duba da zai iya ta da hankalin jama'a ko ya cutar da wani a jikinsa ko dukiyarsa. Sashe na 361 ya mayar da cin amanar aure laifi, kuma sabuwar dokar ta 2016 ta daidaita miji da mata a kan wannan, saɓanin tsohuwar da ta fi tsananta wa mace. A arewacin Nijeriya ma dokar Final Kod ta 1960 ta hukunta zina a sashe na 387 da 388 tun kafin dawowar Shari'a. Ke nan a ɓangarorin biyu na iyaka hukuma ta yarda cewa abin laifi ne. Nuna shi ne kawai aka yi jayayya a kai.

Ta fuskar al'ada, Fulatanci yana da semteende, wadda ta yi daidai da kunya, da munyal, wadda ta yi daidai da haƙuri, dukansu ginshiƙan pulaaku ne. Saboda haka hujjar rufin asiri ba baƙuwa ba ce a Garwa. Amma daga wannan yanki ne kuma aka samu ɗaya daga cikin manyan masu ƙalubalantarta. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, ta rubuta labari a kan auren dole da fyaɗe a cikin aure da zaman kishi, inda ta nuna yadda ake amfani da kalmar munyal wajen rufe bakin mata. Littafin ya fito a 2017, aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya kuma ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Abin da ta yi da alƙalami cikin Faransanci ya yi kama da abin da Balaraba Ramat Yakubu ta yi cikin Hausa shekaru da dama kafin nan.

Ta fuskar wurin kallo, gidajen silima uku na ƙarshe a Kamaru a wancan zango, na Yawunde da Duwala da Bafoussam, an rufe su a 2009, na arewa kuwa sun riga su mutuwa. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne ɗakin bidiyo na unguwa da talabijin na gida. A ɗakin bidiyo na gari mai addinai da yawa, Musulmi yana iya zama kusa da maƙwabcinsa Kirista suna kallon malami yana ɓarna. Wannan yana iya ƙara wa hujja ta farko nauyi, domin idon baƙo da ake tsoro a Kano a can yana kan benci ɗaya. Yana kuma iya rage mata nauyi, domin maƙwabcin ya san boka da mai duba a cikin nasa mutanen, ya kuma san cewa damfara ba ta da addini. Ko wanne ne ya rinjaya, mai kallon Mayo-Oulo bai samu damar zaɓa ba. Kayan da ba su fita daga Ƙofar Wambai ba, ba su da hanyar isa Mubi balle su tsallaka iyaka. Shawarar da wasu 'yan kasuwa suka yanke a Kano ta zama doka ga mutanen wata ƙasa.

8.0 Abin da Ya Biyo Baya

A watan Disamba na 2000 gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da shiryawa da nuna finafinai, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Daga nan ikon da ke hannun dillalai ya koma hannun hukuma mai doka a rubuce, ciki har da hana taɓa jiki tsakanin namiji da mace a fim. An ƙara tsanantawa daga 2007 a zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, lokacin da aka ɗaure wasu fitattun 'yan fim, cikinsu har da Adam A. Zango da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. A 2016 kuma adawar wasu malamai ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kano. Duk waɗannan suna nuna cewa tambayar 1999 ba ta mutu ba.

Abin da ya sauya shi ne hanya. Kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba wayar hannu wuri. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango kuma suka koma YouTube. Dillalin da ya iya kashe fim da kalma ɗaya a 1999 ba shi da wannan iko a yau, kuma mai waya a Guider yana iya ganin sabon fim a ranar da mai waya a Fagge ya gan shi. Matar gida ma tana kallo ita kaɗai ba tare da jiran wani ya kawo mata kaset ba.

9.0 Kammalawa

An ga cewa hukuncin da aka yi wa Malam Karkata ya fito ne daga ɓangare ɗaya na 'yan kallo, wato maza masu riƙe da kasuwa da mumbari, kuma an yi shi ne da ma'aunin kunya, ba na laifi ko zunubi ba. An ga kuma cewa kowace daga cikin hujjoji ukun tana da gaskiyarta da rauninta. Masu kishin addini sun yi daidai da suka lura da ƙarfin hoto, masu rufin asiri sun yi daidai da suka tuna da yara, masu faɗakarwa sun yi daidai da suka ce ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Inda aka yi kuskure shi ne hana awon kansa. Fim mai ƙaramin jari yana iya zama maras kyau, labarinsa ya yi rauni, hotonsa ya yi duhu, niyyar mai shi ta gauraya da kwaɗayi, kuma ɗan kallo yana da 'yancin faɗin haka bayan ya gani. Ga ɗalibin da zai nazarci ra'ayin 'yan kallo a kan kowane fim ɗin Hausa, matakin farko shi ne ya tantance wanda ya kalla daga wanda ya ji labari, sannan ya nemi matar da ke cikin gida da mai kallon da ke bayan iyaka, domin su ma Hausa suke ji, kuma da su ake.